Neman kalmar Hausa: me za mu kira "phases of the moon" a darasin yara?

Malamar Aji Uku

Assalamu alaikum malamai. Ana shirya darasin kimiyya da Hausa don yara 'yan shekara 6 zuwa 9 a kan abin da littattafan Turanci ke kira "phases of the moon", wato yadda wata yake fitowa siriri, ya cika, ya sake ramewa. Kalmomi huɗu ne a gabanmu: fuskokin wata, siffofin wata, manzilolin wata, matakan wata. Wacce za mu tsayar? Kuma littattafan sun kasa su gida takwas, kowanne yana bukatar sunan da yaro zai iya riƙewa.

Malamin Falaki

Wa alaikumus salam, Malama. A fara cire manziloli. Su 28 ne, kuma suna nufin wuraren da wata yake sauka a cikin taurari dare bayan dare, ba yawan hasken da muke gani a jikinsa ba. Lissafin ma daban yake: wata yana komawa gurbinsa cikin taurari bayan kwana 27.3, amma daga ɓuya zuwa ɓuya, wato daga lokacin da ba a ganinsa sam zuwa na gaba, kwana 29 ne da awa 12 da minti 44.

Fuskoki ma ba ta yi ba, domin fuska ɗaya wata yake nuna wa duniya kullum. Siffofi kuwa ita na fi tsoro. Yaro ya riga ya zo aji da tunanin cewa watan ne ke girma yana ƙanƙancewa, sai kalmar ta ƙara dasa masa wannan. Alhali ƙwallo ne da ba ya sauyawa, ba shi da hasken kansa, kuma a kowane lokaci rana tana haska rabinsa. Abin da ke sauyawa shi ne nawa muke hangowa daga rabin nan mai haske yayin da yake zagaya duniya.

Mai Fassara

Malam, na yarda da kai a kan ukun nan. Sai dai "matakan wata" kaɗai tana da gyara, saboda a Hausa wata yana nufin na sama, yana kuma nufin na lissafin kwanaki. Wani zai ji kamar ana maganar farkon wata da tsakiya da ƙarshe a kalanda. A saka haske a ciki: matakan hasken wata. Kowanne a kira shi mataki, yaro kuma ya san mataki ana takawa ne ɗaya bayan ɗaya, ba a tsallake.

Wannan harshen damon zai sake tare mu a wurin "first quarter", wato matakin da ake ganin rabinsa da haske kafin ya cika. In muka ce rabin wata, za a ɗauka kwana 15. In muka ce rubu'i, yaro zai duba sama ya ga rabi, ya ce malama ta yi kuskure, don rubu'in na tafiyar ne, ba na abin da ido ke gani ba.

Malamin Falaki

Haka ne. Shawarata a ɗaure sunayen da lokacin da ake ganinsu. Na kusan kwana 7 bayan ɓuya yana fitowa wajen tsakar rana, ya faɗi wajen tsakar dare, don haka rabin haske na yamma. Na kusan kwana 22 yana fitowa tsakar dare, ana ganinsa har hantsi, shi ne rabin haske na safe.

Tarkon da ya fi girma shi ne "new moon". Kada a ce sabon wata ko jinjirin wata. A ilimin falaki wannan shi ne lokacin da wata yake ɓangaren rana, rabinsa mai duhu na fuskantarmu, ba a ganinsa sam. Jinjirin da Bahaushe ke cewa ya tsaya yana bayyana ne kwana ɗaya ko biyu bayan haka. Wancan a kira shi ɓuyan wata.

Mai Horar da Malamai

Suna ba zai zauna a kan yaro ba sai ya gani da idonsa, don haka ga yadda ake gwajin. Kayan aiki: ɗaki mai duhu, ƙwan fitila ɗaya marar murfi a tsayin kan yara, da farin ƙwallo marar sheƙi mai faɗin santimita 5 zuwa 8 a soke a kan fensir, kowane yaro da nasa. Fitila ce rana, kan yaro duniya, ƙwallo wata.

Yaro ya tsaya kamar mita 2 daga fitila, ya miƙe hannu, ƙwallon ya ɗan fi kansa tsawo. Ya fuskanci fitila: gefen ƙwallon da ke kallonsa duhu ne, ɓuya ke nan. Ya juya hagu kaɗan, idonsa a kan ƙwallon, siririn haske zai bayyana a gefen dama, ga jinjiri. In fitila ta koma daidai kafaɗarsa ta dama, rabi. In ya ba ta baya, cikakke. Ya ci gaba hagu har ya dawo.

Inda abin ke lalacewa: in ya sauke hannu lokacin da ya ba fitila baya, inuwar kansa za ta rufe ƙwallon. Wannan husufi ne, kuma a nan ne kuskuren da ya fi yawa yake shiga, wato zaton inuwar duniya ce ke cin wata kowane dare. Kada a wuce wurin da sauri. A sa shi ya ɗaga, ya sauke, ya ga bambancin, a gaya masa hanyar wata ta karkace da kusan digiri 5, shi ya sa yawancin lokuta yake wucewa sama ko ƙasa da inuwar. Sannan in yaro ɗaya ke riƙe da ƙwallo sauran na kallo daga kujerunsu, ba za su ga matakan ba, tunda ba a mazaunin duniya suke ba. Tocila ma ba ta cika yi ba, haskenta tsukakke ne, ƙwallon yana fita daga cikinsa. Farin bango kuma yana mayar da haske ya ɓata gefen duhun, sai a matsa tsakiyar ɗaki.

Malamar Aji Uku

Na gode, Malam. 'Yan shekara 6 fa? Juyin nan zai yi musu nauyi.

Mai Horar da Malamai

Su kallo ya fi musu, Malama. A ba su takarda mai da'irori 30, a fara ranar da jinjiri ya tsaya. Kullum bayan faɗuwar rana, a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, su shafe ɓangaren duhu da fensir, su bar mai hasken fari. Dunƙulen hannu a miƙe yana rufe kusan digiri 10 na sama, wata kuwa yana matsawa gabas kusan digiri 13 a kwana, to za su ga ya gusa da ɗan fiye da dunƙule ɗaya. Bayan ya cika za su ce ya ɓace, domin fitowarsa tana jinkiri da kusan minti 50 kowace rana. Sai a mayar da kallon safiya, a nemi yamma da sama, tare da jan kunne cewa ba a kallon rana. Daren da gajimare ya rufe a bar da'irar, daga baya su cike ta da na gabanta da na bayanta.

Kada a haddace musu "dama na ƙaruwa, hagu na raguwa". A arewacin duniya haka ne, a kudanci akasin haka, kusa da tsakiya kuma jinjirin kwance yake. Ƙa'idar da ba ta canzawa: gefen haske yana kallon inda rana take.

Mai Fassara

Saura "gibbous", wato lokacin da hasken ya fi rabi amma bai cika ba. Ba sai an ƙirƙiro baƙuwar kalma ba. Kafin cika a ce dab da cika, bayanta a ce fara raguwa. Siririn ƙarshe da ake gani a gabas kafin fitowar rana ba jinjiri ba ne, tsufa ya yi, ina ganin laujen asuba ya dace da shi.

Malamar Aji Uku

To an tsaya a kan matakan hasken wata. A jere: ɓuyan wata, jinjirin wata, rabin haske na yamma, dab da cika, cikakken wata, fara raguwa, rabin haske na safe, laujen asuba. Ƙanana za a ba su huɗu tukuna, jinjiri, rabi, cikakke da ɓuya, sauran su jira aji uku. Allah ya saka da alheri.