Tambaya: ƙarin faɗin taya da sa sifesa a Golf 5 GTI

Mai_GTI:
Salam 'yan uwa. Don Allah masana mota ina neman shawara. Ina da Golf 5 GTI ta 2007, 'yar Kwatano, wata takwas kenan tana hannuna, har yanzu rim ɗin kamfani ne a jikinta mai inci 17, taya 225/45 (faɗinta milimita 225). Damuwata biyu ce. Ta farko in na taka ta a giya ɗaya ko biyu sai tayar gaba ta riƙa ihu tana murzawa wuri ɗaya, balle in akwai ɗan yashi kan kwalta. Ta biyu kuma gaskiya gayu ne, in ka tsaya ta baya sai ka ga tayoyin sun shige ciki kamar masu jin kunya. Wani abokina ya ce in sa 245 gaba da baya in ƙara sifesa (faifan da ake sawa a bayan rim don turo taya waje) mai milimita 20. Akwai wanda ya taɓa gwadawa? Bana son in kashe kuɗi in dawo ina da na sani.

Ɗan_Gareji:
Wa alaikumus salam. Oga ka manta da 245 ɗin nan a kan rim ɗin da kake da shi. Faɗinsa inci 7.5 ne, ita kuwa 245/40 sai rim mai inci 8 zuwa sama take zama daidai. Mai faci zai iya cusa maka ita, amma gefenta zai kumburo kamar buhu, in ka shiga kwana ka ji motar tana lilo, ka ga an gudu ba a tsira ba. Iyakar abin da rim ɗin zai ɗauka cikin mutunci 235/45 ce, ita ma ta fi ta kamfani tsayi da kusan milimita 9, wato in agogon gudu ya nuna 100 kana kan 101 da ɗoriya, wannan ba wani abu bane.

Batun sifesa kuma ga lissafin. A bayan rim ɗinka za ka ga an rubuta ET51, lambar da ke nuna yadda rim ya shige ciki. Duk milimita ɗaya na sifesa yana rage wannan lambar, in ka sa 20 ka koma 31 kenan, taya ta fito waje sosai, ranar da ka ɗauki mutum uku a baya ka faɗa rami za ka ji madigadi yana cin taya. Ni da motata ce ba zan wuce 10 zuwa 12 a gaba ba, baya kuma 15.

Direban_Dare:
Bari in ba ka labarina kafin ka je kasuwa. Ni a Golf 4 na yi. Na sayi irin faifan nan mai ramuka barkatai wanda ake cewa yana shiga kowace mota, yaron shago ya ɗaura da notin da ke jikin motar, ya hau kan sifana da ƙafa ya danne. Ina kai 90 sitiyari ya fara rawa a hannuna kamar na riƙe injin markaɗe. Sau biyu ina yin balansin a banza. Ranar da muka kwance sai ga notin zagaye huɗu kawai yake kamawa, ramin ɗaya har ya fara cinyewa, na tsaya ina kallon abin jikina yai sanyi saboda da iyali na yi tafiya a satin. A nan na cire na jefar.

Ɗan_Gareji:
Yauwa, abin da nake shirin faɗa kenan. Volkswagen ba irin Toyota ko Honda bace da ƙarfen ke fitowa daga hob (inda rim ke zama a jikin mota) a ɗaura noti a kai, ita dogon noti ne mai kai yake ratsa rim ya shige cikin hob. To duk kaurin da ka ƙara dole tsawon notin ya ƙaru da daidai wannan. Naka M14x1.5 ne (kauri milimita 14, tazarar zare 1.5), kuma ƙasan kansa zagayayye ne kamar ƙwallo, ba mai tsini ba, kar a ba ka na wata mota. Ka ƙirga da hannunka, ya yi zagaye bakwai da rabi aƙalla kafin ya ƙulle. Sannan sifesan ya zama mai leɓe a tsakiya wanda rim zai zauna a kai, milimita 57.1 ne ramin, ramukan noti kuma 5x112, wato biyar a da'ira mai faɗin milimita 112. Rashin leɓen nan ne ya sa sitiyarin Direban_Dare rawa. A goge tsatsar hob tas kafin a ɗora, a ɗaure da sifana mai awo a kan 120 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), ka sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100.

SaiGayu:
Haba jama'a kun tsorata bawan Allah 😂 shekara biyu ina da 15 a baya ban ga komai ba, mota ta zauna daram. Boris kam an ce yana saurin gajiya tunda nauyi ya matsa waje, amma titinmu ma ai cin boris yake ko ba sifesa. Malam sa abinka.

Mai_GTI:
Na gode ƙwarai. To amma murzawar da take yi fa, 235 ɗin za ta magance? Tayoyin da ke kai 'yan Beljiyam ne amma zanensu da saura.

Ɗan_Gareji:
Ashe ga inda gizo ke saƙar. Je ka duba gefen tayar inda aka rubuta DOT, lamba huɗun ƙarshe sati ne da shekarar da aka yi ta, misali 2316 sati na 23 kenan a 2016. Tsohuwar roba bushewa take ko da zane, ga zafin rana irin namu, milimita 10 na faɗi ba zai gyara wannan ba. Ƙarfin doki 200 ne duk a tayar gaba, sabuwar 225 mai kyau sai ta fi tsohuwar 245 kama ƙasa nesa ba kusa ba. Sifesa shi ba ya ƙara kamun taya ko kaɗan wajen tashi, in ya yi yawa a gaba ma sai dai ka ji sitiyari na fizgarka in ka taka. Fara da taya da alaimen tukun.

Mai_GTI:
Na fita da tocila yanzun nan na duba. Na gaba 4114, na baya ma ba iri ɗaya bane, ɗaya 2015 ɗaya 2017 🤦 Gobe in sha Allahu zan fara tambayo kuɗin 225 guda huɗu, sifesan ya jira albashi.