Wannan tozon da ke gadon bayan jirgin sama, mene ne aikinsa?

Mai Dish na Jega ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni sana'ata ɗaura dish, shekara goma sha ɗaya ke nan ina hawa kwanon mutane daga Jega zuwa Aliero har Maiyama. Lokacin da muka raka Innarmu filin jirgi na Ambursa za ta Makka, muna tsaye bayan waya rana na dukanmu, jirgin ya sauko ya juyo gefe. Sai na hango wani abu a gadon bayansa, bayan fikafikai kaɗan, kamar tozon bijimi amma shimfiɗaɗɗe. Wani dattijo kusa da ni ya ce ai dish ɗin jirgin ne. Ban yi musu da shi ba don ya haife ni, amma raina bai kwanta ba.

Ga dalilina. Dish ɗin da nake ɗaurawa, in iskar farkon damina ta gusar da shi ko da faɗin yatsa ne, shi ke nan hoto ya tafi. Sai na hau da sifana ina juyawa a hankali, yaron gida yana ɗaki yana ihu, "Ya kawo! Ya ɗauke! Koma baya kaɗan!" To wanga abu da ke gudu yana karkata hagu da dama, wa ke saita mishi? Kuma mi ya sa aka aza shi a sama, alhali mutanen da matuƙi ke magana da su suna ƙasa?

Ɗan Kabawa ya amsa:

Haba Malam, tankin ruwan alwalar alhazai ne. Ka ga dole a ɗora shi sama ruwa ya samu gangara.

Baba Injiniya, Birnin Kebbi, ya amsa:

Ɗan Kabawa, Allah ya shirye ka. Mai Dish, dattijon nan bai yi ƙarya ba, sai dai abin da ka gani murfi ne kawai. Eriyar tana ciki. Ana yin murfin da faiba, don ƙarfe yana tare sigina, kai ma ka san yadda waya ke yi a shagon kwantena.

Amsar tambayarka ta biyu tana hannunka. Ka taɓa ɗaura dish a ƙarƙashin rumfa? Tauraron da kake nema yana can kilomita 35,786 a saman tsakiyar duniya, yana tafiya daidai da juyawarta, shi ya sa kake ganin kamar a tsaye yake. Jirgi ko ya kai ƙafa 35,000 bai fi kilomita goma sha ɗaya ba, tauraron yana samansa nesa ba kusa ba. In ka sa eriyar a ƙarƙashinsa, gangar jikin jirgin da fikafikansa sun zama rumfar ke nan. Saboda haka duk abin da ke magana da sama, sama ake aza shi: ta tauraro, da ta GPS, wadda ba ta fi tafin hannu ba. Abin da ke magana da ƙasa kuwa yawancinsa a ƙarƙashin jirgin yake, kamar na'urar da ke auna tazarar jirgi da ƙasa lokacin sauka. Rediyon da matuƙi ke magana da hasumiya da shi yana da eriya sama da ƙasa, masu kama da wuƙa. Na'urar hango hadari tana cikin hancin jirgin. Eriyar gajeren zango, dangin wanda muke kama BBC da shi a da, a manyan jirage da yawa tana ɓoye a gaban bindin nan da ke tsaye.

Batun saiti, yaron da ke maka ihu daga ɗaki, a jirgi kwamfuta ce. Ta san inda jirgin yake, inda ya sa gaba, da yadda ya karkata, ta kuma san mazaunin tauraron. Sai ta riƙa juya eriyar da ƙananan injina ba tsayawa. In jirgi ya fita daga yankin wani tauraro ta koma kan na gaba.

Wajen zaɓen gurbin ne ake shan wahala. In ka matsa baya da yawa, bindi zai yi mata inuwa duk sadda tauraron ya faɗo ta bayan jirgi. In ka kai ta kusa da ta GPS, to wasu eriyoyin tauraro suna aika saƙo a zangon da ke maƙwabtaka da na GPS, mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi, dole a ba su tazara. Sannan huda jikin jirgi ba kamar huda kwanon Alhaji ba ne da za ka toshe da kwalta. Cikinsa cike yake da iska mai matsi don mutane su yi numfashi, kowace huda sai an yi mata faci mai kauri an ƙarfafa wurin, hukuma ta duba ta sa hannu. Tozon kansa yana jan iska, jan iska kuwa mai ne ake ƙonawa, shi ya sa ake yin sa kwance kamar ƙwaryar da aka kife.

Mai Dish na Jega ya sake rubutawa:

Baba, Allah ya ƙara girma, na gamsu da zancen rumfa. To ruwan sama fa? Mu da hadari ya haɗu ta gabas, kafin ɗigo ya sauka an fara kirana a waya.

Baba Injiniya ya amsa:

Kai kana ƙarƙashin hadarin, shi kuwa in ya daidaita a sama yawancin girgije yana ƙasa da shi. Kuma layin da matuƙa ke dogaro da shi, irin na kamfanonin tauraro Inmarsat da Iridium, yana kan zangon da ruwa bai cika damunsa ba. Babban tozon nan galibi na intanet ɗin fasinja ne, eriyar matuƙa ba ta kai shi girma ba.

Maman Khadija, Yauri, ta amsa:

Baba ya ambaci Inmarsat sai na tuna jirgin Malesiya da ya ɓace ranar 8 ga Maris 2014 da mutum 239, ya tashi daga Kuala Lumpur za shi Beijin. An daina ganinsa a na'urorin ƙasa, amma eriyar tauraron da ke bayansa ta ci gaba da amsa sallamar tauraro kusan duk awa. Da wannan aka lissafa cewa kudancin tekun Indiya ya nufa. Ina ɗakin haihuwar 'yata ta fari ake ta faɗa a rediyo, shi ya sa ban manta ba.

Kuma Malam Mai Dish, ka ga farantin Starlink, na intanet ta tauraro, da ya shigo Najeriya a 2023, shimfiɗaɗɗe ba kwano ba? Taurarinsu suna ƙasa-ƙasa, wajen kilomita 550, gudu suke ba tsayawa, farantin yana bin su ta lantarki. Qatar Airways ta fara sa irinsa a jiragenta Boeing 777 a 2024.

Mai Dish na Jega ya rubuta:

Hajiya, na ɗaura shi sau biyu a Aliero. Na zo da sifana da kamfas ɗina, mai gida ya ce in aza shi inda babu itace kawai in sauko. Har kunyar karɓar kuɗin aiki na ji. Na dai karɓa.