Kimiyya za ta iya tsare mana wutar lantarki daga matsalolin yanayi kuwa?

Injiniya: Ni a wurina magana ta ƙare. Tsakanin 2010 da 2020 kuɗin samar da lantarki daga hasken rana ya faɗi da kusan kashi 85 cikin ɗari, batirin lithium ma ya bi sahu. Yanzu Kalifoniya tana tara wuta a batura da rana, ta sake ta bayan faɗuwar rana. Me ya rage?

Hajiya: Yanayin ne ya rage, Injiniya. A 2024 fari ya janye ruwan tafkin Kariba, inda madatsar da ke ba Zambiya wuta take, har wasu sassan Zambiya suka koma samun wuta 'yan awanni kaɗan a rana. Injinan madatsar lafiyarsu lau, ruwan juya su ne babu. Haka aka yi a lardin Sichuan na China a 2022, sai da aka rufe masana'antu.

Auta: To a koma nukiliya mana, ita ba ruwanta da damina.

Hajiya: Kai Auta, da me ake sanyaya ta? A zafin 2022 Faransa ta rage ƙarfin wasu tashoshinta saboda kogunan Rhône da Garonne, waɗanda ake sanyaya su da ruwansu, sun yi ɗumi.

Malam: Masu kare gas ma kada su yi murna. A Fabrairun 2021 sanyi ya daskarar da rijiyoyi da bututun gas a jihar Texas ta Amurka, wuta ta ɗauke, mutum sama da 200 suka rasu.

Injiniya: Yauwa Malam, ka kawo mini hujja da hannunka. Tun bayan sanyin 2011 aka ba da shawarar a kare kayan aikin daga ƙanƙara, aka yi biris. Kuma layin wutar Texas kusan a ware yake da na sauran Amurka, shi ya sa ba su samu agaji mai yawa daga maƙwabta ba. Dabarar tana nan, yin ta ne ba a yi ba.

Malam: Ashe kenan ba kimiyya ce ke yanke hukunci ba, masu kuɗi da masu mulki ne. Ga kuma cobalt, ma'adinin da ake sakawa a batura, kusan kashi 70 cikin ɗari daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa, China ke tace mafi yawansa.

Injiniya: Batirin LFP, wani nau'in batirin lithium, ba ya buƙatar cobalt, kuma shi ake yawan sakawa a manyan ma'ajiyar wuta yanzu.

Hajiya: Na yarda da wannan. Amma shi ma kusan duka a China ake ƙera shi, Injiniya. Kuma batirin da ke riƙe wuta awa huɗu ba zai cike giɓin fari na wata shida ba.