Musayar waƙa: kewar filin besbol

Baban Sadiƙ, Bronx, 26 ga Mayu 2020

Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da Sallah. Jiya na bi ta River Avenue da tasi ba fasinja ko ɗaya sai na tsaya gaban filin Yankee, inda ƙungiyarmu ta Yankees ke buga besbol (ƙwallon da ake maka wa sanda) a nan New York, na daɗe ina kallon ƙofofin nan a garƙame, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ga nawa, ƙafiyar "wa" ce, wanda ya ji ya amsa.

Ashirin da shida ga Maris aka sa rana,
Za a buɗe kaka, na yi albishir ga ɗana,
Sha biyu ga wata sai ga Korona,
Aka ce kowa gida, babu bugawa.

Jirgin ƙasa mai lamba huɗu na bi ta sama,
Da in ya tsaya sai dandazon al'umma,
Mai tallan hula na ciniki har yamma,
Yau tantabaru ne ke kaiwa da komowa.

Safar fata ta Sadiƙ tana kan taga,
Ya shafa mata mai, ya leƙa ya hanga,
"Baba yaushe?" in ce bari dai mu ga,
Ban da wata amsa ta bayarwa.

Maman Iman, Harlem

Yaya ka fama min ciwo. A gidan tsofaffin da nake aiki akwai wani dattijo kullum lokacin wasa rediyo na manne a kunnensa, shi ya koya min zagaye tara ake yi, in na zo ba shi magani sai ya ɗaga min yatsa wai in jira a yi jifan nan tukuna. Cutar nan ta tafi da shi a Afrilu.

Yaya baitinka ya sa ni kuka,
Rediyon dattijo na nan cikin jaka,
Shi ya ce a zagaye na bakwai ake waƙa,
Kowa ya miƙe tsaye yana rerawa.

Bakwai na yamma ana yi mana tafi,
Ta tagogi, wasu har da buga murfi,
Na gode musu, amma a raina wanda ya fi,
Na ƙwallon da ta haye katanga ba dawowa.

Ɗan Zango, Shikago

Anti sannu, Allah Ya ba ku ladan aikin nan. Kawu ni kam azumin bana da kallon besbol na Koriya na ƙarasa shi.

Koriya ta Kudu ce ta share min hawaye,
Biyar ga Mayu suka fara, tashar ESPN kai tsaye,
In yi sahur in kalla kafin gari ya waye,
Kujeru fayau, su suna ta fafatawa.

Idi a falo na yi, darduma guda ɗaya,
Ba kafaɗa a dama, ba sahu a baya,
Filin wasan Wrigley da masallaci kewarsu na zuciya,
Allah Ka maido mana cunkoso da gaisawa.

Maman Iman

Amin ƙanena, amin. Baitin darduma ɗaya ɗin nan sau uku na karanta shi.

Baban Sadiƙ, 24 ga Yuli 2020

Jama'a an dawo! Jiya a Washington, mu Yankees da ƙungiyar Nationals, wasa 60 za a yi bana maimakon 162 kuma ba ɗan kallo ko ɗaya, ihun ma na lasifika ne. Dakta Fauci, babban likitan cututtuka masu yaɗuwa na Amurka, ya yi jifan buɗe wasa da takunkumi a fuska, ruwan sama ya katse wasan a zagaye na shida muna da 4 suna da 1. Ƙanwata na tuna da dattijonki.

Ɗan wasanmu Stanton ya maka ƙwallo tun zagayen farko,
Ta faɗa cikin kujeru ba yaron da ya ɗauko,
Sadiƙ da safa a hannu daga gado ya sauko,
Ya buɗe taga ya yi ihu, maƙwabci na amsawa.