Gwal a hannu ko gwal a takarda? Muhawarar da ta kaure a zauren 'yan Gusau

Alhaji Mai Taya: Salamu alaikum jama'a. Maganata ɗaya ce, wanda ya ga ba haka ba ya fito. Duk mai ɗan abin ajiya a Zamfara yau ya maida shi gwal, kuma gwal ɗin da zai riƙe a tafin hannunsa, sisi ne ko sarƙa. Wannan da yaranmu ke yayatawa, wai sayen zinare ta waya ko hannun jarin kamfanin haƙa, iska ce. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,400. Wanda ya bar kuɗinsa a banki ya ji a jikinsa, mai sisin gwal kuwa barcinsa ya sha. Abin da ban gani ba, ban taɓa ba, ba nawa ba ne.

Hajiya Mai Atamfa: Alhaji sai yau maza kunka gano? Mu mata tun iyayenmu da kakanni haka muke. Ka kwashi adashe, ka nufi maƙeri. Ranar da lalura ta taso, kafin la'asar an auna an biya ka. Ba fom, ba layi, ba je ka dawo gobe.

Malamin Lissafi: Rabin farko na maganar Alhaji ba gardama, naira ta zube. Amma a daina faɗa wa mutane gwal ba ya faɗuwa. A watan Janairun 1980 oza ɗaya ta gwal, wato giram 31.1, ta kai dala 850. Wanda ya saya a ranar bai sake ganin wannan farashin ba sai 2008, shekara 28 ke nan, a tsakani har ta sauko wajen dala 250 a 1999. An sake yi a 2011: ta taɓa kusan dala 1,900, ƙarshen 2015 tana wajen 1,050. Kada wani ya ce ai faɗuwar naira ta rufe asarar. A 2011 dala tana kusan naira 155, a 2015 tana 197 a farashin gwamnati. Ku buga da kanku: ozar da aka saya sama da naira dubu 290 ta koma dubu 200 da 'yan kai. Yanzu da ta haura dala 3,000 a Maris ɗin 2025, ta kuma haura 4,000 a Oktoba, kowa ya zama gwani. Lokacin da kowa ya zama gwani ne ni nake jin tsoro.

Alhaji Mai Taya: Malam, ai ban ce a saya yau a sayar gobe ba. Ajiya na ce.

Malamin Lissafi: Shekara 28 ma ajiya ce, Alhaji. Kuma duk tsawonta bai haifa maka ko kwabo ba, ga zakka tana fita.

Maƙerin Gwal: Bari mai sana'a ya sa baki, don Alhaji ya haɗa sisi da sarƙa a kwando ɗaya, kuma ba ɗaya ba ne. Hajiya ta san abin da zan faɗa. In kin sayi sarƙa, kin biya gwal kin biya kuɗin aiki. Ranar da kika dawo da ita ba ruwana da kyan ƙira. Zan cire duwatsun da ke jiki, in goga ta a baƙin dutse, in ɗiga ruwan asid in ga ko zanen zai tsaya ko zai ɓace, sannan in ɗora a sikeli. Nauyin da ya rage shi zan biya. Ku riƙa juya kayanku kuna duba lambar da aka buga kusa da maƙulli: 750 karat 18 ne, wato kashi uku cikin huɗu ne zinare, 875 karat 21, 916 karat 22. Na sha ganin mace ta zo da kayan lefe tana lissafin 21, dutse ya ce 18, wata ma ruwan gwal ne kawai aka shafa wa tagulla. Hawaye a shagona ba baƙon abu ba ne.

Mai son ajiya ya nemi sisi ko ɗan guntun sanda, kuɗin aikinsu kaɗan ne. Sisin da alhazai ke shigowa da shi daga Makka da Dubai galibi giram 8 ne. Akwai fam ɗin Ingila na zinare, nauyinsa giram 7.98, karat 22. Akwai Krugerrand na Afirka ta Kudu da aka fara bugawa a 1967, cikakkiyar oza ce a cikinsa, giram 31.1 na tsantsar zinare. Sai dai a Gusau wa zai biya ka kuɗin suna? Kowane iri ka kawo, dutse da sikeli ne alƙali.

Hajiya Mai Atamfa: Allah shi gyara ku maƙera. In za mu saya kuɗin aiki ya zama wajibi, in za mu sayar kun manta da shi.

Ma'aikaciyar Banki: Baba Alhaji, da girmanka, na takardar nan ba duka ne iska ba. Akwai asusun da ake kira NewGold, na bankin Absa na Afirka ta Kudu, yana kasuwar hannun jari ta Legas tun Disambar 2011. Kowane kaso ɗaya yana madadin kusan ɗaya bisa ɗari na oza, sandunan zinaren kuma suna ajiye a rumbu, ana ƙidaya su. Farashinsa na bin na duniya, yana kuma bin dala, don haka garkuwar da kake nema daga faɗuwar naira yana ba ka ita. Da naira za ka saya, ta hannun dillalin da ke da rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, a buɗe maka asusu da sunanka a CSCS, kamfanin da ke riƙe da rajistar hannun jarin jama'a. Abin da ake cira na kula da shi bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba a shekara. A Amurka irinsa mafi girma, SPDR Gold Shares, yana nan tun 2004. Aibinsa a nan shi ne cinikinsa ba yawa, wata rana ka sa a kasuwa ka jira mai saye, kuma ƙaramin mai saye ba zai ce a ba shi zinaren ya tafi da shi gida ba. Amma ba mai haura maka katanga da dare saboda shi.

Alhaji Mai Taya: 'Yata, kin manta Satumbar 2021? Aka datse layukan waya a jihar nan gaba ɗaya. Mutum sai ya yi tafiya zuwa Funtua ko wani gari kafin ya kira ɗan'uwansa. A wannan halin da wace wayar zan kira dillalin Legas? Ga kuma farkon 2023 da aka canja kuɗi, mutum da miliyoyinsa a banki yana roƙon mai POS dubu biyar.

Ma'aikaciyar Banki: Na datse waya gaskiya ne Baba, ba ni da amsa a kai. Amma na canjin kuɗi bai taimake ka ba, don a lokacin shi ma maƙerin ba shi da tsabar da zai ba ka, tiransifa zai yi maka.

Maƙerin Gwal: Haka aka yi.

Kawu na Anka: Ɗiyana, kuna ta maganar zinari awa daga sama shika faɗowa. Mu da munka tashi kusa da ramu bari mu hwaɗi namu. Wanga hannun jarin haƙa da kuke jin sabo ne, mu mun daɗe da shi, ɗaukar nauyin rami muke ce mai. Kai mai kuɗɗi ka sai wa yara diga da shebur da tocila, ka aika garin kwaki da shinkahwa, ka zuba mai ga injin jan ruwa. Su yi ta haƙa wata da watanni. In an cim ma jijiya, a ɗebo dutsi cikin buhunna, a kai injin niƙa, a wanke, a sa zaiba ta kama zinarin, a ƙone, a auna, a raba. In rami ya ƙiya, shi ke nan, ba wanda za ka kama. Farashin zinari na iya hawa sama kullum, kai kuwa naka ramin ƙasa ce zalla. Wanda ya sa kuɗɗi ga rami bai sayi zinari ba, sa rai ya saya.

Sannan ku tuna 2010. Dutsin da anka riƙa kaiwa gida ana daka, mata na niƙa shi tsakar gida inda yara ke rarrahe, ashe cike yake da dalma. Ƙauyukan Dareta, Abare, Yargalma, Bagega, cikin ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yara sama da 400 munka rasa, sai da Likitoci Na Gari Na Kowa sunka shigo, Bagega kuwa sai 2013 anka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙa a jihar baki ɗai saboda 'yan bindiga, sai Disambar 2024 ministan ma'adinai Dele Alake ya ce an ɗage. Wanda kuɗɗinai ke cikin rami shekarun nan biyar, wa ya biya shi?

Kai kuma Alhaji, ka ce a aje gwal a gida. A garin da infoma ke zaune majalisa ɗaya da kai? Ran da anka san akwai sisi cikin ɗakinka, ba gwal ɗin kaɗai za a zo ɗauka ba.

Hajiya Mai Atamfa: Kawu wannan ta taɓa ni. Shi ya sa yanzu ko biki za ni, na roba nake sawa, na gasken ba ya ma kwana a garin. Amma dai ka san ranar da anka ɗauke wa mutum ɗa, abin da ake fara fiddawa gwal ɗin matan gida ne. Gona ba ta sayuwa cikin kwana biyu.

Malamin Lissafi: Abin da Kawu ya bayyana shi ne dai hannun jarin manyan kamfanoni, sai dai su suna da akanta da rahoton shekara. Ka sayi hannun jari, ka sayi rabo a kamfani ne, da bashinsa, da kuɗin dizal ɗinsa, da rigimarsa da gwamnati. In zinare ya hau, ribar kamfani kan ninka hawan, tunda kuɗin haƙa bai tashi daidai da shi ba. In ya sauka, haka asarar ke ninkawa. A ƙasar nan babbar mahaƙar zinare ta zamani ita ce Segilola a jihar Osun, ta kamfanin Thor Explorations, ta fara fitar da zinare a 2021, kuma hannun jarinsa a Kanada da Landan ake cinikinsa, sai da kuɗin waje. Dubi Mali: a Janairun 2025 gwamnatin soja ta kwashe kusan tan uku na zinaren kamfanin Barrick daga mahaƙar Loulo-Gounkoto, aiki ya tsaya, alhali farashin duniya na ta hawa. Kafin nan akwai Bre-X na Kanada a 1997, da ya ce ya gano tarin zinare a Busang ta Indunusiya, ashe barbaɗa zinare ake yi a kan samfurin dutsen da ake kaiwa gwaji. Hannun jarin ya koma takardar tsire.

Alhaji Mai Taya: To ka ga ka dawo layina.

Malamin Lissafi: A kan kamfanin haƙa kawai. Asusun da 'yarka ta kawo daban ne, kai ne ka cusa su buhu ɗaya. Abin da ya kamata ka yi wa yara faɗa a kai shi ne manhajojin da ke cewa zuba dubu ɗari a zinare ka karɓi riba duk mako. Zinare ba ya haihuwa, daga ina ribar mako take fitowa? Damfarar MMM a 2016 da ta CBEX a 2025 ba su ishe mu darasi ba?

Liman: Assalamu alaikum. Ina biye da ku, akwai gefen da ba a taɓa ba. Hadisin Ubada ɗan Samit ya shar'anta cewa cinikin zinare hannu da hannu ne, in zinare da zinare ne kuma sai nauyi ya zo daidai. Malamai sun ɗora kuɗin takarda a kan wannan hukunci. Saboda haka karɓar sarƙa yau a biya ƙarshen wata, ko a riƙa biya kaɗan-kaɗan kaya na hannun mai saye, akwai matsala, kuma wannan a shagunanmu ake yin sa, ba a waya ba. Game da na takarda, hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, ta fitar da ƙa'ida mai lamba 57 a 2016. Ta halatta, da sharaɗin zinaren na nan da gaske, an ware shi, mallaka ta koma hannun mai saye ba tare da jinkiri ba. Wanda ake caca a kan hawa da saukar farashi ba zinare a ƙasa, bai shiga ba. Hannun jarin kamfani kuma sai an duba yawan bashin ruwan da ke kansa. Kafin mutum ya sayi kowane asusu, ya nemi takardar malaman da suka tantance shi ya karanta.

Hajiya Mai Atamfa: Allah gafarta Malam, zakka fa? Ni na ji an ce kayan adon mace ba a fidda musu.

Liman: A mazhabar Malikiyya, wanda kike sawa don ado ba zakka a kansa. Wanda kika saya da niyyar ajiya ko kasuwanci akwai, sisi kuwa ba ado ba ne tun asali. In ya kai dinari 20, wajen giram 85, ya shekara, a fitar da ɗaya cikin arba'in. Sisi 11 masu giram 8 sun haura wannan nauyin, sai a duba tsantsar zinaren da ke cikinsu. Na asusu ma haka, da ƙimarsa ta ranar za a yi lissafi. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha tana sanar da nisabi a naira, ki riƙa bibiya.

Hajiya Mai Atamfa: To wanda na ce ba ya kwana a garin fa, tunda tsoro ya hana ni sawa?

Liman: Wannan sai mun zauna, Hajiya, don niyyarki ce za ta raba. Ki turo Alhajinki bayan sallar isha'i da nauyin kowane ɗaya a rubuce.

Maƙerin Gwal: In ba ki san nauyin ba ki kawo in auna miki, ba na karɓar kuɗin awo. Ki zo da safe kafin shago ya cika, kuma kada ki zo da su duka rana ɗaya.