Neman kalmar Hausa: me za mu kira 'yan jaridar da Rusabelt ya zaga a 1906?

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masana Hausa ku matso ku taimaka min, yau kwana uku kenan kalma ɗaya ta tsaya min a maƙoshi. Darasi nake haɗa wa ɗalibaina kan siyasar Amurka ta farkon ƙarni na 20, komai na tafiya lafiya sai na zo kan kalmar muckraker, sunan da ake kiran wasu 'yan jarida na zamanin, na rasa me zan sa. Na san da yawanku za ku ce ai mai sauƙi ne, ɗan jarida mai binciken ƙwaƙwaf. Nima shi na fara rubutawa sai na goge, zan faɗi dalili amma ku yi haƙuri sai mun ɗan bi ta tarihi tukunna.

Asalin kalmar nan zagi ce. Ranar 14 ga Afrilu 1906 shugaban ƙasa Tiyodo Rusabelt ya yi jawabi a Washintan wajen aza harsashin ginin ofisoshin 'yan majalisar wakilai, a nan ya ɗauko misali daga wani tsohon littafin addinin Kirista da John Bunyan ya rubuta a Ingila tun ƙarni na 17. A littafin akwai wani mutum riƙe da manjagara kansa a duƙe yana ta jan ƙazantar ƙasa, ana miƙo masa kambi daga sama amma ko ɗagowa bai yi ba. Rabin kalmar muckraker na farko ma'anarsa kashin dabbobi da taɓo da duk wani datti mai wari, rabin na biyu kuma manjagara. Rusabelt bai ce aikin banza suke ba, ya yarda al'umma na buƙatarsu, amma ya ce sai in sun san lokacin da za su ajiye manjagarar su ɗaga kai. Toh ka san mutane, rabin maganar da ya fi yaji shi aka riƙe, sunan ya bi su har yau.

Abin da ya tunzura shi kuwa, a farkon shekarar mujallar Cosmopolitan ta attajirin jaridun nan Hearst ta fara buga jerin rubutun David Graham Phillips da ya zargi majalisar dattawa da cin amanar ƙasa, yana kiran sanatoci da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ya fara da sanatocin Niyok irinsu Chauncey Depew, ya zo kan Nelson Aldrich na Rod Ailan wanda 'yarsa ke auren ɗan attajirin man nan Rokafela. A lokacin talaka ba ya zaɓen sanata da ƙuri'arsa, majalisun jihohi ne ke naɗawa, kun ga kuwa mai kuɗi ba sai ya sayi jiha guda ba, 'yan majalisa kaɗan sun ishe shi. Sai a 1913 aka yi wa tsarin mulki gyara na 17 aka miƙa zaɓen hannun jama'a.

Amma ni wadda ta fi tsaya min a rai cikinsu Ida Tarbell ce. Ta tashi a yankin rijiyoyin mai na Fensilbaniya, babanta na cikin ƙananan masu harkar mai, tana 'yar shekara 14 a 1872 ta ga yadda Rokafela ya haɗa baki da kamfanonin jirgin ƙasa, shi a yi masa rangwame a ɓoye kan kuɗin dakon mai, su kuma ƙananan a tsuga musu, har ma a ba shi kaso daga abin da abokan gasarsa suka biya. Bayan shekara talatin ta zauna ta rubuta tarihin kamfanin Rokafela, Standard Oil, kashi 19 a mujallar McClure's daga 1902 zuwa 1904, kamfanin da a lokacin kusan kashi 90 cikin 100 na tace man Amurka a hannunsa yake. Kuma ku riƙe wannan don zan dawo kansa: yawancin hujjojinta ba daga ɗakin sirri ta samo su ba, takardun kotu ne da rahotannin binciken majalisu da ke jibge shekara da shekaru, kowa na iya zuwa ya karanta amma ba wanda ya yi haƙurin zama ya tone su shafi shafi. A 1911 Kotun Ƙoli ta raba kamfanin gida 34. Ita kanta Tarbell ba ta so sunan muckraker ɗin ba, ta fi ɗaukar kanta marubuciyar tarihi.

Sai Upton Sinclair da ya yi mako bakwai a 1904 cikin mahautan Shikago yana shiga da tsofaffin kaya kamar lebura, ya fito da littafin The Jungle a 1906. Ƙagaggen labari ne na wasu baƙin haure daga Lituwaniya amma abin da ke ciki na ruɓaɓɓen nama da matattun ɓeraye da ake haɗawa a niƙa a sayar wa mutane ya tayar wa ƙasar hankali, Rusabelt ya tura mutum biyu su je su duba suka dawo da rahoto mai tayar da zuciya, ranar 30 ga Yuni 1906 ya sa hannu kan dokar duba nama da ta tsaftar abinci da magani. Wata biyu da rabi kacal bayan ya gama yi wa 'yan jaridar faɗa. Shi Sinclair leburorin yake so a tausaya wa, shi ya sa daga baya ya ce zuciyar jama'a ya auna sai ya samu cikinsu.

Toh kun ga matsalata. Binciken ƙwaƙwaf kalma ce mai tsafta, sunan sana'a ce mai daraja da ake sa wa a katin aiki, in na sa ta a bakin Rusabelt sai ya zama yabonsu yake yi, ɗalibi ba zai taɓa gane me ya sa Tarbell ta ji haushi ba. Ina neman kalmar da mai mulki zai iya jefa wa ɗan jarida don ya wulaƙanta shi, shi kuma daga baya ya ɗauka ya rataya a wuya ya ce eh ni ne. Ina jiran ku.

Ƙari, bayan sallar isha'i:

Masha Allah, na gode ƙwarai, ban zaci za a amsa haka ba. Bari in bi waɗanda aka fi kawowa.

Mai kwarmato shi ya fi yawa, amma gaskiya jama'a wannan gurbinsa daban. Mai kwarmato ɗan cikin gida ne da ya ga ɓarna ya fito da ita. Misalinsa ma na cikin labarin Tarbell ɗin, wani yaro ɗan aike a ofishin Standard Oil an ba shi takardu ya ƙona sai ya ga sunan malaminsa na coci a ciki, mutumin yana da ƙaramar matatar mai, ashe bayanan duk kayan da yake aikawa ta jirgin ƙasa ne ake kawo wa kamfanin a ɓoye don a bi a ƙwace masa masu saye. Yaron ya kai masa takardun, shi kuma ya kai wa Tarbell. Yaron nan shi ne mai kwarmato, ita kuma da ta karɓa ta haɗa da sauran hujjoji ta buga, ita muke nema wa suna.

Mai tonon asiri kuma, Malam na gode amma ina jin tsoronsa. Mu da kullum addu'armu Allah ya rufa asiri, kuma an hore mu da suturta ɗan uwa, duk wanda ka kira mai tonon asiri ka riga ka yanke masa hukunci, ba ta yadda za a yi ya wanke sunan ya zama abin alfahari. Mai fallasa ma kusan haka. Tonon silili ya fi kusa wallahi, na daɗe ina juya shi don yana da yajin da nake so, sai dai a kunnena yana ɗauke da ƙeta da gaba ta tsakanin mutum biyu, irin wanda ake yi in an ɓata, ka tuno wa mutum abin da kakansa ya yi. Hearst ƙila zai cancanci wannan, amma Tarbell da takardunta na kotu fa?

Wata Yaya daga Maradi ta kawo 'yan manjagara, kuma na ji daɗinsa a baki, gajere ne yana da kiɗa. Abin da ya hana ni, manjagara a wajenmu kayan shara ce da gyaran lambu, ba ta da wari, in ka ce ɗan manjagara ba wanda zai ji an zage shi. Ta ɗauko rabin kalmar na biyu ta bar na farko, kuma a na farkon zagin yake.

Wanda ya kusa tafiya da ni shi ne mai yasar kwata da wani Baba tsohon ma'aikacin rediyo ya kawo, ya ce aiki ne da kowa ke toshe hanci in ana yi amma in ba a yi ba kafin damina ruwa har ɗaki. Baba wallahi hoton ya yi. Sai wasu suka tuna min abu biyu, na farko yanzu in ka ce an yashe, hankalin matasa kan sata yake tafiya, an yashe asusu an yashe baitulmali, kar mu je mu ba ɗan jarida sunan ɓarawon da yake bincike. Na biyu kwata na nufin magudanar ruwa kuma tana nufin mahauta, a darasin da Sinclair da mahautan Shikago ke ciki ɗalibi zai ɗauka shi kaɗai ake nufi.

Ƙari na biyu, da safe:

Maganar Baba ce ta hana ni barci har ta kai ni ga juji. A bayan layinmu da ina yaro akwai wani ƙaton juji da ya fi katanga tsawo, kowane gida da nasa kason a ciki, toka da kashin awaki da tsumma da fasasshen kwano, kowa na wucewa ta gefensa safe da yamma ba mai kallo. Sai bazara ta yi nisa wani dattijo ya zo da jakinsa da mangala ya kafa fartanya a ciki, da ya buɗe saman sai wani tururi mai ɗumi ya taso, wari ya cika layi, mata na rufe tagogi ana ta yi masa tsaki ana cewa ya tayar mana da wari, kamar shi ya zuba. Shi ko ko a jikinsa, baƙar ƙasar can ƙasa yake nema, ita yake kaiwa gona.

Don haka ga abin da nake ba da shawara: tonon juji, mai yinsa ɗan tonon juji ko 'yar tonon juji, jam'i 'yan tonon juji. Ku gwada shi a bakin mai mulki, "ku rabu da su, 'yan tonon juji ne", zagi ne sosai, har da duƙar da kan da Rusabelt ya faɗa na ciki don ba a tonon juji kai a sama. Sannan juji ba asirin kowa ba ne, a fili yake, na unguwa ne gaba ɗaya, wanda ya tona shi bai keta suturar wani ba, ya dai taɓa abin da kowa ya ga dama ya kau da kai, daidai da takardun kotun da Tarbell ta zauna a kansu. Kuma daga jujin taki ke fita, kamar yadda dokokin 1906 da hukuncin 1911 da gyaran 1913 suka biyo bayan warin.

Wani ɗan uwa ya ce min tono a Hausa yana tafe da gargaɗi, garin tone-tone kaza kan tono wuƙar yanka ta. Haka ne, kuma ni wannan ƙara min ƙarfi ya yi don aikin ya ci mutane da gaske. Ida B. Wells, baƙar fata, da ta riga su duka farawa, ta bi diddigin kisan gillar da fararen fata ke yi wa baƙaƙe ba shari'a ta buga a jaridarta, a 1892 gungun mutane suka farfasa ofishin jaridar a Memfis tana tafiya, aka aika mata in ta dawo za a kashe ta, dole ta koma arewacin ƙasar da zama ta ci gaba da rubutu daga can.

Wani kuma ya ce a Kano bola aka fi cewa, me zai hana tonon bola. Na yi tunaninsa, amma bola za ta ja hankali zuwa 'yan jari bola masu tsintar ƙarfe da roba don sayarwa, sai ya zama kamar abin sayarwa ɗan jaridar ke nema, shi ya sa na tsaya kan juji.

A darasin zan rubuta haka: a 1906 Rusabelt ya kira su 'yan tonon juji, sai in bar binciken ƙwaƙwaf ga sana'ar kamar yadda ake yinta yau. Ranar Litinin zan karanta wa ɗalibai jimlar ba tare da na yi musu bayani ba in ga ko za su ji zagin da kansu, mutanen Sakkwato da Damagaram da Kumasi kuma dan Allah ku faɗa min ko juji na da wata ma'ana a wajenku da za ta ɓata shi kafin in buga takardar.