Infirared da Hausa: hasken zafi, ƙarƙashin ja, ko ƙetaren ja?

Malamin Fizik, Ringim:
Assalamu alaikum. Ina neman sunan da za mu sa wa infirared, wato hasken da ido ba ya gani wanda zangonsa ya fi na ja tsawo, a darasin sinadarin boron. Ga inda gizo ke saƙar: daskararren boron nau'in beta baƙi ne wuluk mai sheƙi, amma wani sashe na infirared yana ratsa shi. Giɓin makamashinsa, wato mafi ƙarancin makamashin da haske ke buƙata kafin boron ya shanye shi, kusan 1.6 eV ne (eV ma'aunin makamashi ne). Don a juya eV zuwa tsawon zangon haske, a raba 1240 da 1.6, za a sami nanomita 775 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Duk hasken da zangonsa bai kai haka ba, boron ya shanye shi. Ido kuwa daga wajen 400 zuwa 700 yake gani, don haka ba launin da ya tsira. Me kuka gani game da "hasken zafi"?

Malamar Kemistiri, Kazaure:
Wa alaikumus salam, Malam. Wannan suna zai kai ɗalibi ya baro shi, domin kowane haske abu ya shanye sai ya ɗumama shi. Dubi nau'in alfa, mai atam 12 a kowane ɗakin jeri (ƙaramin tsarin da ke maimaituwa a jerin atam), ba 105 ko sama kamar beta ba. Giɓinsa wajen 2 eV, wato nanomita 620. Ja yana samun hanya, shi ya sa ƙananan ƙwayoyinsa ke fitowa jajaye. Zancen zango ne, kamar gajeren zango da matsakaici a rediyo.

Mai gyaran talabijin, Ɗambatta:
Gaskiyar Malama. Fitilar infirared ta kan rimot galibi a nanomita 940 take aiki, kuma ko ɗumi ba ta yi. A danna maɓalli a gaban kyamarar waya, za a ga tana ƙyaftawa. In ba a gani ba, ko batir ya yi sanyi, ko matatar kyamarar baya ta tare. Sai a gwada ta gaba.

Malamin Fizik, Ringim:
Na janye. To "ƙarƙashin ja" fa?

Malamar Kemistiri, Kazaure:
Ƙarƙashi ta wane fanni? A makamashi yana ƙasa da ja, a zango ya ɗara shi. Yaro zai juya lissafin a jarrabawa. Ni "ƙetaren ja" nake so. A 1800 masanin taurari William Herschel ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya aje ma'aunin zafi gaba da inda ja ya ƙare, ma'aunin ya hau. Wuri ne a tsallaken ja, kamar gonar da ke ƙetaren kogi. Ɗaya gefen ma, hasken da ya wuce shuni (ultraviolet), sai mu ce "ƙetaren shuni".

Amma kada a haska rimot ta cikin garin boron mai ruwan ƙasa, hasken ya ƙi wucewa, a ce littafi ya yi ƙarya. Gari warwatsa haske yake. Sai siririn yanki marar gauraye, gogagge gaba da baya.

Malamin Fizik, Ringim:
Madalla, Malama. Ga yadda zan rubuta a allo: "Boron nau'in beta yana shanye hasken da ido ke gani, yana barin wani sashe na ƙetaren ja ya wuce."